Askar da Ake Saka wa Reza: Yanka da Ƙurajen Aski, Daga Ina Suke Fitowa?

Wani ɗalibi da ke zaune a Samaru ya aiko da tambaya, ya ce: "Baba, na sayi askar nan da ake ɓalla reza biyu a saka mata, irin ta masu shagon aski, a kasuwar Sabon Gari. Sau uku ina gwadawa, sau uku ina yankewa, yanzu kuma ƙasan haɓata ya cika da ƙuraje. Askar ce ba ta da kyau ko ni ne ban iya ba? Kuma da gaske ne ta fi askar wanzamai tsafta?"

Ɗana, da wuya laifin ya zama na askar. Ban gan ta ba, amma irinta sun bi ta hannuna ba adadi, tun daga mai arha da ake bazawa a tebur a kasuwa har mai tsadar da alhazai ke zuwa da ita tsaraba, kuma duk aikinsu ɗaya ne, su riƙe rabin reza gam kada ya motsa. In taka tana yin haka, ta gama nata, saura naka. Yankan da kake yi daban, ƙurajen daban, kowanne da sanadinsa. Sai dai duk biyun wuri guda suka taso: kana son fuskarka ta yi sumul fiye da abin da fatarka za ta iya ɗauka, kuma da ƙarfin hannu kake neman hakan.

A gidan wanzanci aka haife ni, a cikin birni ta wajen Ƙofar Doka. Tun ban isa riƙe aska ba nake bin mahaifina da zabira da ƙoƙon ruwa, yau gidan suna, gobe zauren mai unguwa, jibi bakin kasuwa. Askarsa maƙeri ne ya ƙera ta, ƙarfe mai kauri da nauyi. Kafin ya taɓa kan mutum sai ya ja ta a kan fatar da ke rataye a jikin zabirar, gaba da baya, ya ƙarasa a tafin hannunsa, sannan ya gwada a gashin hannunsa. Irin wannan askar tana da haƙuri. Nauyinta ne ke yin rabin aikin, kuma kaifin da hannu ya wasa yana da wani taushi da ke yafe wa mai koyo ƙaramin kuskure. Wadda ka saya ba ta san yafiya ba.

Rezar da kake ɓallawa kaurinta kusan kashi ɗaya ne cikin goma na milimita. Inji ne ya wasa ta, aka kuma shafe bakin da wani sinadari mai santsi don kada ta riƙa jan gashi. Kuma tun asali ba don a yi aski da ita tsirara aka yi ta ba. Ba'amurken nan King Camp Gillette, wanda ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1904, ya tsara ta ne don a rufe ta a cikin wani gida na ƙarfe mai kariya, bakin kaɗai ke ɗan leƙowa, yadda kowa zai iya yi wa kansa aski ba sai ya iya wasa aska ba. Daga baya masu aski suka ga ai ga kaifi a arha ba wahalar dutse da fata, suka raba ta biyu suka ɗora a kan mariƙi mai siffar aska. Turawa na ce wa wannan mariƙin Shavette, sunan da ya fito daga kamfanin Dovo na garin Solingen a Jamus. To ka ga abin da ke hannunka, kaifin da aka yi domin keji ne aka cire masa kejin. Ba nauyi, bakin bai kai santimita 4 ba, ga kusurwa mai tsini a kowane ƙarshe.

Ni kaina ta ba ni kunya ranar farko. Lokacin na riga na yi shekaru ina aski, har ina ganin ba sauran abin da za a koya mini. Na zaunar da ƙanena a tsakar gida zan gyara masa saje, na ɗora ta da irin nauyin hannun da na saba da shi a tsohuwar aska. Ban ji komai ba, shi ma bai ce uffan ba. Sai da na ɗaga hannu na ga wani siririn layi fari a gaban kunnensa kamar an ja zare, ya ɗan yi jim, sannan jini ya cika shi ya gangaro cikin kumfa. Kusurwar gaba ce ta yi ɓarnar, ba tsakiyar bakin ba. Mahaifina yana kan buzu yana lazimi, bai katse ba, sai da ya shafa sannan ya miƙo hannu ya karɓi askar, ya jujjuya ta, ya auna nauyinta a tafinsa, ya ce wannan ba a danna ta, lallaɓa ta ake yi. Tabon yana nan a fuskar ƙanena har yau, kuma duk bikin da ya haɗa mu sai ya nuna wa 'ya'yana.

Mu fara daga saka rezar, don wasu tun a nan suke fara zubar da jini. Kada ka fitar da ita daga takardarta kafin ka ɓalla. Riƙe ta a cikin takardar, ka lanƙwasa ta bisa tsagar nan da ke tsakiyarta har ka ji ƙas, sannan ka buɗe ka ɗauki rabi ɗaya ta gefen da ba kaifi. Yawancin mariƙan da ake sayarwa a nan suna buɗewa gida biyu kamar almakashi, a ciki akwai 'yan ƙusoshi biyu da rezar za ta zauna a kansu, sai ka haɗe ka rufe makullin baya. Wasu kuma zura ta ake yi. Ko wanne ne naka, ka ɗaga ta wajen haske ka duba ko bakin ya leƙo daidai daga farko har ƙarshe. In gefe ɗaya ya fi fitowa, buɗe ka sake. Ɓallawa takan ɗan tanƙwara kunnuwan rezar, shi ya sa a shago muka fi son waɗanda aka raba tun daga kamfani, ɗari a kwali. Ga kuma wata dabara ta mai koyo: ka goga kusurwa biyun nan sau biyu ko uku a gindin kofin tangaran, kusurwar kawai ban da bakin, don tsininsu ya ɗan dushe. Da na san haka a wancan lokacin da ƙanena bai sami abin tsokanata ba.

Maganar wace reza za ka saya ba ta kai yadda samari ke zafafa ta ba. Akwai Tiger da kowa ya sani, akwai Dorco ta kamfanin Koriya ta Kudu, Shark da Lord na Masar, Derby ta Turkiyya, Super-Max ta Indiya. Feather ta Japan ta fi su kaifi, kuma saboda haka ba ta mai koyo ba ce. Ka ɗauki ɗaya ka tsaya a kanta har hannunka ya saba. Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne sabunta. Kowane aski sabon rabi, kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba. Rezar da ta dushe ita ke sa mutum ya ƙara nauyin hannu bai sani ba, daga nan sai yanka.

Sai jiƙa gashi, wanda na tabbata ba ka yi yadda ya kamata, don ɗalibi kullum a makare yake. Gashin gemu in ya bushe tauri gare shi kamar zaren waya, amma yana shan ruwa, kuma in ya sha na kamar minti 3 sai ya yi laushi ƙwarai. Lokacin da ya fi shi ne bayan ka fito daga wanka da ruwan ɗumi. In ba haka ba, ka jiƙa ƙaramin tawul a ruwan ɗumi ka rufe fuskar da shi. In gashin ya taru, fara rage shi da kilifa. Kumfa kuma ba yawanta ake nema ba, santsinta ake nema. Wadda ta yi tsiri kamar auduga amma a bushe ba ta da amfani, gara siririya mai ruwa-ruwa mai sheƙi. Man aski na matsawa da buroshi ya fi, sabulun salo ma yana yi, illa dai yana busar da fata. Ka san hunturun Zariya, balle ku na Samaru da iska ke kaɗa ku ba katanga. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kumfa kan bushe a fuska kafin ka gama kunci ɗaya, don haka ka shafa wa gefe ɗaya, ka aske, sannan ka shafa wa ɗayan. Duk inda ya bushe kada reza ta bi ta wurin sai ka sake jiƙawa.

Yanzu ga gundarin aikin. Buɗe askar har ƙotar ta wuce ta ɗago sama. Babban yatsa a ƙarƙashin wuyan askar, manuniya da biyun da ke bin ta a sama, ɗan ƙaramin yatsa ya hau 'yar wutsiyar da ke bayan ƙusa. Riƙo ne na alƙalami, ba na wuƙar fawa ba. Kwantar da ita lif a kumatunka, sannan ka ɗaga bayanta kaɗan, tazarar kamar kaurin bayan sau biyu. Masu lissafi suna cewa digiri 30, ni kuwa ina cewa da wannan askar ka yi ƙasa da haka. Kuskuren kowane mai koyo shi ne tsayar da ita. Da zarar ta miƙe ta daina yanka gashi, ta koma kankarar fata kamar mai kankare ƙanzo a tukunya, kuma raɗaɗin nan da kake ji bayan aski kamar an shafa maka barkono, daga nan yake. Kunnenka ma zai gaya maka. In kwanciyar ta yi daidai za ka ji wani sauti siriri, sar-sar, kamar lauje a cikin ɗanyar ciyawa. In ka ji ƙar-ƙar, sauke bayanta.

Nauyin hannu kuwa, babu shi kwata-kwata. Ka ɗauka kumfar kawai kake son kwashewa ba tare da ka taɓa fatar ba, gashin zai biyo da kansa. In ka ga fatar ta lotsa a ƙarƙashin bakin, ka danna da yawa. Sannan ka riƙe wannan, don shi ne dukkan sirrin yanka: reza tana tsaga fata ne in ta tafi ta tsawon bakinta, yadda mahauci ke jan wuƙa a kan nama. In tana tafiya gaba, bakin a gicciye da hanyar da take bi, da wuya ta yanke ka. Kaucewa gefe ko da kaɗan ne, shi ke nan. Yawancin yanka a lokaci biyu yake faruwa, lokacin ɗora askar da lokacin da ta tsaya. Mutum ya ɗora ta a fuska sannan ya tsaya tunanin ina zai bi, hannu ya ɗan yi rawa, sai jini. Ka yanke shawara tun tana sama, ta sauka tana cikin tafiya, ta yi ɗan taƙi da bai wuce faɗin yatsa ba, ka ɗaga. In ta cije a gashi kada ka tura, ɗaga ta ka sake jiƙa wurin. In aka yi sallama ko waya ta yi ƙara, fara ɗaga askar kafin ka juya kai. Kuma yatsun hannun da ke riƙe fata su kasance a bayan askar kullum, ba a gabanta ba.

Kada ka ce sai ka aske fuskar duka ranar farko. Mako na farko ka tsaya a kumatu, daga saje zuwa ƙasa, gefen hannunka mai ƙarfi, wurin a shimfiɗe yake kamar faranti. Sauran ka ƙarasa da abin da ka saba. In hannu ya zauna ka ƙara ɗaya kuncin, sannan wuya, haɓa ita ce ƙarshe, don gashinta ya fi tauri kuma ba inda yake a miƙe. A layin muƙamuƙi ka ja fatar sama ta hau kan kumatu, ka aske ta a can, maimakon ka ce za ka zagaya ƙashi da reza. A zakaran wuya ka tura fatar gefe. In kana da tawadar Allah mai tudu ko wani ƙurji, ɗora yatsa a kai ka zagaye shi.

To, mu zo kan ƙurajen, don su suka fi damuna a wasiƙarka. Yanka yana warkewa cikin kwanaki, su kuwa in aka yi wasa sai su bar tabon shekaru. Gashinmu a naɗe yake, tun ramin da yake tsirowa a cikin fata a lanƙwashe yake. In reza ta yanke shi a karkace, bakinsa yakan zama kamar fiƙaƙƙen fensir. Yana tsawo kamar kashi ɗaya cikin uku na milimita a rana, to bayan kwana biyu ko uku, maimakon ya miƙe waje sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ke gefensa. Jiki kuma ya ɗauke shi tamkar sartse, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani sa'in ya tara ruwa. Wannan hanya ɗaya ke nan. Ta biyu ta fi muni: in an yanke gashin ƙasa da saman fata, ba ya ma samun fitowa, sai ya huda bangon raminsa daga ciki. Abu uku ke jawo haka. Askewa ta kishiyar inda gashi ya kwanta, ɗame fata sosai, da kuma abin askin nan mai baki biyu ko uku ko biyar. Tun 1971 da Gillette ta fitar da mai baki biyu dabarar ɗaya ce, bakin farko ya ɗan jawo gashin waje, na biyu ya yanke shi kafin ya koma. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan ci gaba ne. Ga ni da kai, shuka ƙuraje ne.

A nan askarka ta fi su, tunda baki ɗaya gare ta, amma da sharaɗi. Na san ka kalli bidiyon intanet inda Bature ke ɗame fatarsa kamar fatar ganga, ya aske ƙasa, ya sake kumfa ya aske a gicciye, ya sake ya aske sama, har ya shafa auduga a fuska don ya nuna ba ta maƙale ba. Gashinsa ba irin naka ba ne. Kuma ga inda maganar ta yi sarƙaƙiya: aska tana buƙatar fata a shimfiɗe, in ba haka ba ta tattare a gabanta ta yanke, likitocin fata kuma suna hana mai ƙuraje jan fata, don in ka ja gashin yakan leƙo, ka yanke, ka saki ya nutse ciki. Duka biyun gaskiya ne. Abin da nake yi wa masu zuwa wurina shi ne in daidaita fatar kawai, in ɗora yatsu biyu in riƙe ta ta kwanta, ba in ja ta har ta yi ƙyalli ba. Sau ɗaya nake bi, ta inda gashin ya kwanta. In mutum ya shafa sama ya ji ɗan kaushi ya ce a sake bi, sai in ce masa wannan kaushin shi ne lafiyarka. Wasu su ji haushi su koma wani shagon, bayan wata biyu su dawo da wuya kamar bayan kada.

Kwanciyar gashi kuma ba "daga sama zuwa ƙasa" ba ce kamar yadda ake zato. A kumatu galibi haka ne, amma a wuya gashi yakan kwanta a gicciye, wani ya nufi kunne, na can ƙasa ma ya nufi sama, wani wurin ya yi gewaye. Ƙasan haɓar nan da ka ce ya cika, ina kyautata zaton kana jan askar ƙasa ne alhali gashin wurin ba can ya nufa ba. Bar shi ya yi kwana uku, ka shafa da yatsa ta kowane ɓangare. Inda ka ji santsi, nan ne hanyarsa.

Amma yanzu dai ajiye askar. Ba a bin kan ƙuraje da reza, kana yanke kawunansu ne kana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ka ba fuskar mako uku zuwa huɗu, in ya taru ka rage da kilifa ka bar kamar milimita ɗaya. Safe da dare ka gasa wurin da tawul mai ɗumi, ka bi da buroshin haƙori mai laushi da ka ware don haka, a hankali, kana zagayawa, zai ɗago gashin da ke shirin komawa. Wanda ka ga ya yi baka a saman fata, ka zura tsinin allura mai tsafta ƙarƙashinsa ka ɗago bakin kawai. Kada ka tuge shi da matsefata, don sabon da zai tsiro daga ciki zai fara huda. Kuma don Allah ban da man birki, ban da man goge baki, ban da mayukan bilicin da ake ba mutane a kemis a ce na ƙurajen aski ne. Da yawansu akwai sinadari mai ƙarfi da ke kwantar da kumburi cikin kwana biyu, ka yi murna, a hankali kuma ya sirantar da fata ya bar ta dabbare-dabbare. In ƙurajen suna fitar da mugunya, ko sun yi tauri suna haɗewa, ko kana da jikin da tabo ke tasowa ya yi tudu, tafi ka ga likitan fata. Asibitin koyarwa na Shika bai yi maka nisa ba daga Samaru. Masu ƙurajen ƙeya kuwa, waɗannan da ke taruwa su zama dunƙule a bayan kai, ko kusa kada reza ta je wurin, ni ko an roƙe ni ba na sawa.

Ina tausaya wa masu kaki, irin yaranmu da ke fitowa daga Depot, wurin horar da sababbin sojoji a nan Zariya, waɗanda aiki ya wajabta wa aske fuska tas, su ba su da zaɓi. Kai kana da shi. Mafi yawan masu zama a kujerata gemunsu suke bari, abin da suke so gyaran fuska ne, a fitar da layin kumatu, a share wuya, a rage gashin baki. A wannan aikin kam ba abin da ya kamo askar nan, don kana ganin bakinta, gashi ɗaya-ɗaya za ka iya ɗauka. In ƙasan haɓarka ya ƙi jinin reza, bar masa gashinsa ka gyara gefe. Ba kowace fata ce aka yi don tal-kwabo ba.

Sai tambayarka ta biyu. E, ta fi tsafta, kuma dalilin da ya sa na ajiye askar gado a zabira ke nan, ba don ta gaza ba. Amma mutane sun ɗauka da an ɓare sabuwar reza a gabansu magana ta ƙare, alhali jini ba ya tsayawa a bakin reza kaɗai. Yana shiga tsagar mariƙin, yana taɓa buroshi, da tawul, da alimun ɗin da ake gogawa a yanka. Kowa ƙanjamau yake tsoro, amma a sana'armu ciwon hanta nau'in B ya fi zama abin tsoro, don ƙwayarsa tana iya yin aƙalla kwana 7 a busasshen jini tana nan da ranta, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, da yawansu ba su ma sani ba. Ka ƙirga mutanen da ke zama a kujera ɗaya ranar jajibirin Salla. Shi ya sa ko a Mina hukumomin Saudiyya ke jan kunnen alhazai su je wurin masu aski masu lasisi da ke canza reza ga kowane kai.

A shago, bayan kowane mutum ana cire rezar, a buɗe mariƙin, a wanke shi da sabulu da buroshi tukuna, don magani ba ya ratsa datti, sannan a tsoma shi a ruwan da aka zuba wa bilic na wanki, bilic ɗin kashi ɗaya cikin goma, na minti 10, a ɗauraye a shanya, in ba haka ba ya ci ƙarfen. In duk jikinsa ƙarfe ne ana iya tafasa shi minti 20. Fetur da kananzir ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwayoyin cuta, haka wutar laita da ake ɗan haskawa ta daƙiƙa biyu don idon mai kallo. Kai da ke aski a ɗakinka aikinka mai sauƙi ne: wanke, goge da sifirit, busar, ajiye. Wahalarka ɗaya ita ce abokan ɗaki. Wani zai ce ara mini, ai zan sa sabuwar reza. Ka ce a'a, ko da zai kira ka marowaci. Ka kuma tambayi gida ko an yi maka rigakafin ciwon hanta. A 2004 aka shigar da ita cikin allurar jarirai a ƙasar nan, kuma ba kowane yaro ya samu ba. In ba a yi ba, ka yi gwaji, ka karɓa, allura uku ce cikin wata shida.

In ka gama aski ka ɗauraye da ruwan sanyi, ka dadanna tawul, kada ka goga. In ka yanke, danna wurin da tsumma mai tsafta minti biyu ko uku ba tare da ɗagawa kana leƙawa ba, sannan ka jiƙa ɗan alimun, wanda wasu ke kira alif, ka taɓa. Zai yi zafi, zai tsayar da ƙaramin jini. Naka ya zama naka kai kaɗai, mu a shago ɗan gutsure muke fasawa mu yar bayan an yi amfani da shi. Sifirit a fuska duka ba dole ba ne, da hunturu ma cuta ce, ɗan man kaɗanya da ka narkar a tafin hannu ya fi. Wanda ke shan maganin tsinka jini kuma wannan askar ba tasa ba ce, ya tsaya a kilifa.

Rezar da ka cire kada ka jefa ta a kwandon shara ko ta taga. Yara na tsintar ta su fiƙe fensir ko su yanke farce, almajirai da 'yan bola jari kuma da hannu suke tona shara. Ni gwangwanin madara nake samu, in huda 'yar tsaga a samansa kamar asusu, duk rabin da ya gama aiki ya faɗa ciki. In ya cika in buga bakinsa da guduma ya rufe ruf. Nemi naka gwangwanin tun yanzu, kafin makonni huɗun nan su cika. Ranar da za ka koma, kuncin dama kawai, bayan wanka, ba ranar da kake da lacca ƙarfe takwas ba. In ya yi kwana uku ba ƙurji, sake rubuto mini mu yi maganar wuya.